Ɗaci da baurin ganye: kaɗan ƙarfi ne ga dabba, da yawa dafi ne



Kowa ya san bazara. Daga watan Maris har saukar ruwa, ciyawa ta ƙare, kara ya bushe, rana tana dukan bisashe. A jihar Maraɗi zafi yana wuce digiri 40 cikin inuwa a watan Afirilu da na Mayu. Lokacin ne akuya take ramewa, nono ya janye, ɗan akuya ya kwanta ya kasa tashi. Ga macen da ke da awaki uku, mutuwar guda ba ƙaramar asara ba ce. Akuyar nan ita ce kuɗɗin magani, ita ce hidimar suna, ita ce tiyar hatsi in rumbu ya ƙare.

Makiyaya sun daɗe da lura da wani abu. Akuyar da ke shiga daji tana tsinkar ganye nan da can, tana tsintar ɗiyan gawo, ta fi jure bazara bisa wadda ke ɗaure a turke tana cin kara tsura. Mi ke cikin ganyen nan? Yana ƙara ma dabba kwana? Masu bincike na ƙasashe da yawa sun yi wannan tambaya. Yau za mu kawo muku abin da suka gano, da abin da ya kamata mu yi da shi a gidajenmu.

Icce ba ya gudu

In kura ta biyo akuya, akuya tana iya gudu. Icce ba ya iyawa. Inda ya tsiro, nan rana za ta same shi, nan fari zai same shi, nan ƙwaro da dabba za su zo cin shi. Saboda haka Allah ya ba shi makamansa. Wani makami muna ganinsa da ido, shi ne ƙaya. Wani ba mu ganinsa, sai dai mu ji shi a harshe. Shi ne ɗacin maɗaci da na dogon yaro, da yajin barkono, da baurin goro.

Ɗaci da yaji da bauri duka sinadarai ne. Sinadari shi ne wani ɗan abu da ke cikin ganye ko sassaƙe ko ɗiyan icce, wanda yake da aikin kansa. Ba abinci ba ne kamar garin hatsi. Ba ya cika ciki, ba ya ƙara nama. Icce yana yin shi don ya kare kansa. Kuma icce yakan ƙara yin shi lokacin da ya shiga wahala, kamar in ruwa ya yanke, ko in ƙwari sun far masa.

Sinadarin da ya fi shafar bisashenmu shi ne wanda masu ilimi ke kira tanin. Kada sunan ya ba ku tsoro, kun san shi. Shi ne ke cikin bagaruwa wadda majema ke jiƙawa su jeme fata. Shi ne ke sa baki ya ɗaure in mutum ya ci goro ko ya sha shayi mai kauri. Fatar jar akuya ta Maraɗi, wadda aka san ta har ƙasashen Turai, da bagaruwa kakanninmu suka jeme ta.

Ƙaƙa bagaruwa ke jeme fata? Tanin yana kama abin da ke cikin fata ya riƙe shi tam, har ruɓa ta kasa shiga. Abin da yake kamawa shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki, wanda ke cikin nama da nono da wake. Ku riƙe wannan da kyau: aikin da tanin ke yi cikin ramin majemi, shi yake yi cikin tumbin dabba. Amfaninsa daga nan yake fitowa, cutarsa ma daga nan take fitowa.

Abin da aka gani ga ƙananan halittu

Akuya tana iya kai shekara 10 ko fiye. Mai bincike ba zai iya zama ya jira shekara 10 ga kowane gwaji ba. Don haka ake fara gwaji da halittun da ba su daɗewa. Akwai wata ƴar tsutsa da ke zama cikin ƙasa da ruɓaɓɓun ɗiyan itace. Tsawonta milimita 1 ne, da ƙyar ido ke ganinta. Rayuwarta duka sati 2 zuwa 3 ce. Cikin wata ɗaya ana iya ganin haihuwarta da tsufanta da mutuwarta.

A shekarar 2010, masu bincike na birnin Balin a ƙasar Jamus sun sa ma tsutsotsin nan tanin cikin abincinsu. Waɗanda aka ba kaɗan sun fi sauran daɗewa, kuma da aka sa su wuri mai zafi sun fi jurewa. Amma jikinsu bai kai na sauran girma ba. Waɗanda aka ba da yawa kuwa, sai ya cuce su, suka riga sauran mutuwa. Sinadari ɗaya ne, awo ne ya bambanta.

Akwai wani sinadari kuma, sunansa kwasetin. Yana cikin albasa, musamman ja irin ta Galmi, yana cikin ganyen zogale, yana cikin garin fure da ƙudan zuma ke kwasa. An ba ƴar tsutsar nan shi, ta ƙara kwana. A 2017, a jami'ar Ilinoyi ta Amurka, an ba ƙudan zuma ruwan sukari da kwasetin a ciki. An ga yana taimaka masu su daɗe, kuma su jure wani maganin ƙwari na feshi. Masu ɗora amya su lura: furen itatuwa ba abinci kaɗai ba ne ga ƙudan zuma, har da kariya.

Domin mi abu mai ɗaci zai ƙara ƙarfi?

Ku dubi tafin hannun manomi. Ranar farko ta noma, ƙotar hauya tana cin hannu. Bayan kwana kaɗan sai kanta ta fito, hannu ya yi tauri, ya daina jin ciwo. Ba hauya ta ba shi taurin ba. Jiki ne ya ji an taɓa shi, ya shirya kansa. Amma in mutum ya yi noman kwana goma cikin yini ɗaya, hannu ba ya yin kanta, fashewa yake yi.

Haka sinadarin ganye yake. In ya shiga jiki kaɗan, jiki yana ɗaukarsa kamar ɗan ƙaramin dafi. Hanta ta farka, ta shiga yin abubuwan da ke wanke dafi da gyara ɓarna. In zafi ko wata wahala ta zo daga baya, sai ta tarar da jiki a shirye. In kuwa sinadarin ya yi yawa, ya fi ƙarfin hanta, sai ya zama cuta. Wannan ita ce hanyar da masu bincike da yawa ke fassara abin da suka gani.

Labarin ɓera, don kada a ruɗe mu

Tsutsa ba akuya ba ce. Abin da ya yi aiki ga tsutsa yana iya ƙin aiki ga dabba mai jini da nono. Ga misalin da ya nuna haka.

Akwai wani sinadari cikin ɓawon inabi, akwai shi kaɗan cikin gyaɗa. Sunansa resberatrol. A 2003, masu bincike a Amurka suka ba da labari cewa yana ƙara kwanan ƙwayar yis, wadda ke kumbura burodi. A 2004 aka ce ya yi haka ga tsutsa da ƙuda. A 2006, a ƙasar Italiya, aka ba wani ɗan kifin Afirka shi, irin da ke rayuwar wata 3 cikin kududdufin damana, ya ƙara kwana. A shekarar nan kuma aka ba ɓerayen da ake ɗura ma abinci mai maiƙo, suka fi ƴan'uwansu daɗewa.

Duniya ta ɗauka. A 2008 wani babban kamfanin magani na Ingila, GlaxoSmithKline, ya biya dalar Amurka miliyan 720 ya sayi ƙaramin kamfanin da ke wannan aiki. Amma a shekarar nan aka gwada shi ga ɓerayen da ke cin abinci daidai, bai ƙara masu kwana ba. Daga baya gidajen bincike 3 na Amurka suka sake gwaji tare, da ɓeraye masu yawa. Sakamako ya fito a 2011 da 2013. Resberatrol bai ƙara kwanan ɓera ba. Sinadarin kurkum ma haka. A 2013 aka rufe ofishin ƙaramin kamfanin.

Mi wannan ya koya mana? In masu miliyoyi ba su samo garin tsawon rai ba, mai tebur a kasuwar Ɗan Isa ko ta Gabi bai same shi ba. Duk wanda ya nuna muku ƙullin gari ya ce yana hana dabba tsufa, ku riƙe kuɗɗinku. Kwanan kowace halitta yana hannun Allah. Abin da ke hannunmu shi ne kula.

Mi ke kashe awakinmu?

Mu tambayi kanmu, awaki nawa muka gani sun mutu don tsufa? Kaɗan ne. Akuyarmu yunwar bazara ke kashe ta, ko tsutsar ciki, ko annoba, ko wahalar haihuwa bisa rama. Saboda haka tsawon rai a wurinmu yana nufin abu biyu. Na ɗaya, ɗan akuya ya kai yaye. Na biyu, uwar ta ƙetare bazara da ƙarfinta, ta sake haihuwa. A nan ne ganyen itace ke da aiki, kuma an gwada shi ga awaki da tumaki kansu.

Mu fara da tsutsar ciki. Tumbin akuya kashi 4 ne. Cikin na huɗun akwai wata jar tsutsa siririya kamar zare, tana shan jini. Macenta guda tana zuba ƙwai dubbai a yini. Ƙwai yana fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe inda ke da laima, ya hau ciyawa, wata dabba ta ci. Saboda haka ta fi yawa da damana, da kuma wurare masu damshi kamar bakin tafkin Madarunfa da fadamar Gulbin Maraɗi. Tsutsa 1000 suna iya shan jini wajen mililita 50 a yini, kusan cikin ɗan kofin shayi. Dabba ta rame, cikin fatar idonta ya yi fari, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa.

A birnin Tulus na Faransa, da jihar Jojiya ta Amurka, an ciyar da awaki da wasu irin harawa masu tanin. An ƙirga ƙwan tsutsa cikin kashinsu. Ƙwai ya ragu ƙwarai, a wasu gwaje-gwajen ya ragu fiye da rabi. Tanin yana kama fatar tsutsa kamar yadda yake kama fata a ramin jima, ya rage mata ƙarfi da yawan ƙwai. Amma bai ƙare tsutsa duka ba, kuma in an daina ba da ganyen ƙwai yana sake yawa. Wato ganye taimako ne, ba ya maye gurbin maganin tsutsa ga dabbar da ta riga ta kamu.

Amfani na biyu shi ne abinci. In tanin yana da kaɗan, yana riƙe furotin na ganye don kada ya lalace a babban tumbi, ya sake shi can gaba inda jiki ke tsotsa. Dabba ta fi samun amfanin abin da ta ci. Masu bincike sun auna: in tanin yana tsakanin kashi 2 da kashi 4 cikin 100 na busasshen abinci, yakan yi amfani. In ya wuce kashi 5 ko 6, sai ya riƙe furotin ya ƙi saki. Dabba ta ci, amma abincin ya fita bai yi mata kome ba. Bakinta ya ɗaure, ta rage ci, ta rame.

Akuya ta fi tunkiya da saniya jure tanin. Shi ya sa take miƙewa bisa ƙafa biyu tana cin ganyen da saniya ke wucewa. Abin da akuya ta ci ta kwana lafiya, yana iya wahalar da tunkiya.

Itatuwanmu da abin da suke bayarwa

Karan hatsi da ya bushe, furotin ɗinsa bai kai kashi 6 cikin 100 ba. Tumbin dabba yana bukatar wajen kashi 7 kafin ya yi aiki daidai. Dabbar da ke cin kara kaɗai cikinta cike yake, amma yunwa take ji.

Gawo. Shi ne iccen da ke zubar da ganye da damana, ya yi ganye da rani. Ɗiyansa suna faɗuwa daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Furotin ɗinsu ya kai wajen kashi 11 cikin 100, ninki biyu na kara. Suna da tanin, amma bai kai na bagaruwa ba. In an daka su, ƙwayar ciki tana fashewa, dabba ta amfana da ita. In ba a daka ba, ƙwaya da yawa tana fita cikin kashi yadda ta shiga.

Zogale. Masu lambun Jiratawa sun san shi fiye da kowa. Busasshen ganyensa yana da furotin wajen kashi 25 cikin 100, kuma taninsa kaɗan ne. A jami'ar Fot Hare ta Afirka ta Kudu, a 2012, an ba awaki busasshen ganyen zogale bisa abincinsu. Da aka duba hantarsu, aka tarar abubuwan da ke kare jiki daga ɓarna sun ƙaru. Ganye mai kyau na kwaɗo ne da kasuwa. Amma tsinke da ganyen da ya yi rawaya, waɗanda ake zubarwa bayan an tsige, na akuya mai shayarwa ne.

Kalgo da sabara da magarya da aduwa. Su ne abincin awakin daji. Sabara da kalgo suna da bauri sosai. Akuya ba ta tsayawa kan guda ta ƙoshi. Ta tsinki wannan, ta wuce ga wancan. Wannan yawo shi ne awonta. Kowane icce sinadarinsa dabam ne, in ta gauraya su babu wanda zai yi mata yawa.

Bagaruwa. Ita ce ta fi kowa tanin. Dabba tana tsintar ɗiyanta kaɗan a gindi, babu laifi. Amma kada a cika kwano da ita a aje gaban dabbar da ke jin yunwa.

Inda ganye ke kisa

Mun ce icce yana ƙara makami in ya shiga wahala. Ga inda wannan ke zama haɗari.

Ƙaramar dawa. Dawar da ba ta kai gwiwa ba, da wadda ta sake tohowa bayan girbi, da wadda fari ya kama ta yi yaushi, suna da dafi mai ƙarfi cikin ganye. Dabba ta ci, numfashi ya sarƙe, ta faɗi. Tana iya mutuwa kafin awa ɗaya. Dawar da ta girma ta bushe sarai ba ta da wannan haɗari.

Ɓawon rogo. Yana da dafi irin na dawa, musamman rogo mai ɗaci. A shanya shi ya bushe ƙarau kafin a ba dabba.

Duman rafi. Yana yaɗo a bakin ruwa, yana kore shar lokacin da kome ya bushe. Dabbar da yunwa ta matsa ta ci shi da yawa, jikinta yana ɓari, tana tangaɗi.

Gurya. Tana sa rago ƙiba, amma tana da wani sinadari da ke cutar ƴan awaki da ƴan tumaki waɗanda tumbinsu bai ƙosa ba, da kaji. In ta yi yawa kuma tana rage ƙarfin haihuwar rago da bunsuru.

Dabbar da ta ƙoshi tana zaɓe. Dabbar da ke jin yunwa ba ta zaɓe. Yawancin cin dafi daga yunwa yake farawa.

Shawara ga mai dabba

1. Ku gauraya. Kara ko ciyawa, da harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa kaɗan, da ganye ko ɗiyan itace. Ganye mai bauri ya zama mahaɗi, kamar daddawa cikin miya. Kada ya zama shi ne tuwon.

2. Sabon abinci a fara shi kaɗan kaɗan, a ƙara cikin sati ɗaya ko biyu. Tumbi yana bukatar sabo.

3. Dabbar da ke ɗaure ba ta iya yawo ta zaɓa. Ku ne za ku zaɓa mata. Ku kawo ganye iri 2 ko 3, ba iri ɗaya kullum ba.

4. Kada ku saki dabba da yunwa a bakin tafki ko kusa da gonar dawa. Ku ba ta kara ko harawa tukuna.

5. Ku dubi alama. In dabba ta fara ƙin ci, ko kashinta ya yi tauri ya bushe, ko tana ramewa alhali tana ci, ku rage mai bauri, ku ƙara harawa da dusa.

6. Ruwa mai tsabta safe da marece, da gishiri ko kanwa, da inuwa. Babu ganyen da ke maye gurbin inuwa a watan Mayu.

7. Da damana ku riƙa jan fatar idon akuya ta ƙasa kuna dubawa, sau 2 a wata. In ja ce, lafiya. In ta yi fari, ku nemi malamin dabbobi ya ba da maganin tsutsa bisa awon nauyinta.

8. Ranar allurar rigakafi ku kai dukan garke. Babu ɗaci ko bauri da ke hana annobar awaki da tumaki. Rigakafi ya fi magani.

Ba icce, ba ganye

Duk abin da muka faɗa bai da amfani in gona fili ce fetal. Tsofaffi suna tuna farin 1973 da na 1984. A lokacin gonaki da yawa na jihar Maraɗi ba icce, iska tana kwashe ƙasa, bisashe suna faɗuwa. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututtukan da ke cikin gonaki suna da rai. Shi da manoma suka shiga barin rassa masu ƙarfi kaɗan a kowane kututtu, su sare sauran. Shi ne muke kira sassaben zamani. Lissafin da aka bayar a 2009 ya nuna hekta wajen miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar ma manomi haƙƙinsa bisa iccen da ya rena a gonarsa.

In kuna sassabe bana, kada ku bar iri ɗaya kaɗai. Ku bar gawo, ku bar kalgo, ku bar sabara da magarya da aduwa. Gonar da ke da itace iri biyar ta fi mai iri ɗaya amfani ga akuya. Haka kuma dajin Baban Rafi ba na masu itacen wuta kaɗai ba ne, rumbun bisashe ne na rani. Mai sarar ma dabba reshe kada ya aske icce duka, don iccen da aka aske ba ya yin ɗiya baɗi. Kafin ku sa gatari ga gawo, ku nemi shawarar ma'aikatan gandun daji.

Aiki ga waɗanda suka koyi karatu da rubutu

Gwajin Jamus da na Amurka an yi su da itatuwansu da dabbobinsu. Namu itatuwa da tamu jar akuya, ku ne kuka fi kowa kusa da su. Ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci kuna da abin da iyayenmu ba su da shi, shi ne alƙalami.

Ku sami ɗan littafi. Kowace akuya ku ba ta shafi guda. Ku rubuta ranar da ta haihu, da ɗiya nawa ta haifa. Ku rubuta abin da take ci kowane wata. Ku rubuta ranar da aka yi mata allura ko aka ba ta maganin tsutsa. In ɗa ya mutu, ku rubuta ranar, da alamun da kuka gani.

In ƙungiyar mata ta gari tana da awaki 20, a raba su biyu daga watan Maris. Kashi ɗaya a ba su abincin da aka saba. Kashi ɗaya a ƙara masu dakakkun ɗiyan gawo ko ragowar zogale. Kowane kashi ya kasance da manya da ƙanana, da masu shayarwa daidai, don kada gwaji ya yi son kai. In ruwa ya sauka, a zauna a ƙirga. Ɗiya nawa suka kai yaye a nan, nawa a can? Uwa nawa suka rame? Gani ya kori ji.

Abin da kuka samu, ku kai ma malamin gona ko malamin dabbobi na yankinku, ku aiko mana mu karanta a rediyo don mutanen Safo su ji abin da na Sarkin Yamma suka gani. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya raya mana bisashe, ya ba mu damana mai albarka. Amin.